WiFi na yawan yankewa a gida: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Da zarar intanet ta ɗauke a gida, kamfanin layi ne ke fara shan zagi. Wani lokaci laifinsu ne, amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Tsakanin wayarka da waje akwai mahaɗa biyu: ɗaya daga waya zuwa rauta (na'urar da ke raba WiFi) ko MiFi ɗin da ke ɗaki, ɗaya kuma daga rautar zuwa turken MTN, Airtel ko Glo, ko igiyar faiba, ko farantin Starlink. Kuskuren da ya fi kowanne shi ne a kama gyara ba a san wacce ce ta tsinke ba.

Ganewa ba ta da wuya. Lokacin da abin ya yanke, kada ka taɓa komai tukuna, dubi saman wayar. In alamar WiFi ta ɓace ɗungurungum, matsalar a cikin gida take. In tana nan amma da alamar motsin rai a gefenta, wayar na jin rautar, rautar ce ba ta samun waje. Sannan ka tambayi mutanen gidan. In kwamfutarka kaɗai ke yankewa alhali yara na kallon YouTube lafiya lau, ka bar rauta ta huta. Mai kwamfutar Windows yana iya buɗe tagar cmd (tagar rubuta wa kwamfuta umarni) guda biyu, a ɗaya ya rubuta ping -t da adireshin da ke manne a gindin rautar, irin su 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, a ɗayar ya rubuta ping -t 8.8.8.8, wato wani adireshin Google da ke waje. In ta biyun kaɗai ta daina amsawa, daga waje ne. In duka biyun suka yi shiru tare, daga ɗaka ne.

A matsalar cikin gida, wurin ajiya ne kan gaba. Ana tura rauta bayan talabijin don kada igiyoyi su ɓata falo, ko a kulle ta a durowa saboda yara, ko a ajiye ta a ƙasa kusa da soket don nan igiyar caja ta tsaya. Gidajenmu na bulo da siminti ne, rufin kankaren bene cike yake da rodi, ƙofofi da tagogi na ƙarfe. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye shi, shi ya sa firji, babban madubi da tankin ruwa duk ba maƙwabtan kirki ba ne ga rauta. Ɗaga ta sama, a sarari, wajen tsakiyar gida, eriyoyinta a tsaye. Ta layin waya tana da buƙata biyu masu karo da juna: tana son taga don ta kama turke, tana son tsakiya don ta kai ɗakuna. A nan taga ce ke gaba, amma ba wadda rana ke duka ba. A zafin Maris da Afrilu, rautar da ke shan rana ko aka lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura takan yi zafi ta sake tashi da kanta.

Wuta ma ana yawan manta ta. Lura da fitilun rautar lokacin yankewar: in duk suka mutu suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ba sigina ba ne, na'urar ce ta mutu ta farfaɗo, kuma takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta daidaita. Juyawa daga NEPA zuwa janareta ya isa ya jawo haka, ko da kwan ɗaki ƙiftawa kawai ya yi. Haka ma cajar aro. Asalin ta lalace, an samo wata mai baki iri ɗaya an soka, ba a duba rubutun jikinta ba. In rauta na son 12V da 2A aka ba ta mai 1A, za ta kama, amma da aiki ya yi nauyi sai ta faɗi. Lambar V ta zama daidai cif, ta A kuma kada ta gaza. Ƙaramin batirin ajiyar wuta na rauta yana magance ƙiftawar. MiFi kuwa da batirinsa ya kumbura har murfi ya ɗago, a cire batirin nan take.

Sai cunkoso. Zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zangunan da siginar WiFi ke bi, kowa na ciki: rautocin maƙwabta, Bluetooth, har na'urar ɗumama abinci. Tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1, 6 da 11. Wani sai ya duba manhajar auna WiFi ya ga babu kowa a tasha ta 3 ya koma can yana ganin ya yi dabara, alhali ya shiga tsakanin 1 da 6 yana kwasar hayaniyar duka biyun. Zaɓi wadda ta fi sauƙin jama'a cikin ukun, ka bar faɗinta a 20 MHz. Zangon 5 GHz, wanda ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, ya fi sauri da sarari amma bango na karya shi. In rauta ta haɗa zangunan biyu da suna ɗaya, waya a ɗaki mai nisa takan riƙa tsalle tsakaninsu. Raba musu suna, na nesa su zauna a 2.4.

Ɗan ramin nan da aka rubuta Reset, a bar shi sai an rasa yadda za a yi. Danna shi da tsinke yana goge sunan WiFi, kalmar sirri da saitin da mai haɗa faiba ya saka. Abin da yawanci ake nufi shi ne a zare caja, a jira rabin minti, a mayar.

In na'ura ɗaya ce ke yankewa, duba tanadin batir. A Windows, cikin Device Manager, katin WiFi yana da zaɓin da ke ba kwamfuta damar kashe shi don rage cin wuta, sai a cire alamar. A waya, a sa ta manta WiFi ɗin a sake shigar da kalmar sirri. Kalmar sirrin ma a canza ta lokaci-lokaci, domin wayar Android na iya nuna ta a lambar QR, wanda ka ba jiya ya riga ya ba abokansa, kuma ƙaramin MiFi yana da iyakar na'urorin da yake ɗauka.

In gwaji ya nuna daga waje ne, fara da duba ko data ta ƙare. Rautar layi da ke lilo tsakanin 4G da 3G takan yanke a kowane juyi, don haka a kulle ta a 4G kaɗai in yana kamawa a unguwar. Kada a sayi na'urar ƙara nisan sigina don wannan, ba abin da za ta gyara. In za ka kira kamfani, ka riƙe lokutan da abin ke faruwa da launin fitilar da ke canzawa, musamman in jar fitilar LOS ce ke ƙiftawa a akwatin faiba, don wannan na nufin hasken igiyar ne bai iso ba, kuma sai ma'aikacinsu ya zo.