Kurakuran da ke kashe sabon kurmi a ƙasar Jos

Ɓarnar farko tun kafin a haƙa rami ake yin ta. Mutum ya samu fili, sai ya sa a yi sassabe ƙarƙaf, a tumɓuke kututture, wai ana gyara wurin dashe. Alhali kututturen marke da kanya da ɗinya saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Duba tohon da ke jikin kowanne, ka bar biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Za su tsere wa duk wani dashen da aka rena a leda. Da wannan dabara manoman Maraɗi suka mayar da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980.

Sai zaɓen iri. A nan Jos ido ya saba da itacen turare, domin da shi aka rufe filaye da dama da haƙar kuza ta lalata. Yana saurin tashi, gaskiya ne, amma baƙo ne daga Ostireliya, yana shan ruwa sosai, ƙarƙashinsa kuma ba kasafai wani abu ke tsirowa ba. Mai son kurmi na asali ya gauraya ɗorawa, maɗaci, kirya, tsamiya da atili. Wanda ke son ganin yadda dajinmu yake, ya leƙa Amurum, keɓaɓɓen dajin da ke Laminga kusa da Jos.

Kowane iri da halinsa. Ƙwallon kaɗanya ba ya jure ajiya, da ya faɗo ake shuka shi, kuma sai an yi haƙurin shekara 15 ko fiye kafin a ci 'ya'yansa. Ƙwayar ɗorawa kuwa ɓawonta tauri gare shi, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dashen biki: a tara jama'a a ƙarshen Agusta, a ɗauki hoto, a watse. Ruwa na ɗaukewa a Oktoba, saiwa ba ta kama ba, hunturu ya ƙarasa ta. Yi dashenka a Mayu ko Yuni da zarar damina ta zauna. A yage ledar tukuna, don Allah. In tsohon filin kuza ne, ƙasar ta daskare, sai a faɗaɗa ramin a zuba ruɓaɓɓen taki.

Ranin shekaru ukun farko shi ne ainihin aikin. A kewaye kowane dashe da ƙaya ko waya saboda awaki. A rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikinsa, don gara. Kafin ciyawa ta bushe a Nuwamba, a share hanyar tare gobara kewaye da filin.

Kuma kada ka kafa shinge ba ka zauna da mai unguwa da makiyaya da mata masu neman itacen girki ba. A yanke tun farko wa zai yanki ciyawa, wa zai tsinci kalwa, ta ina shanu za su bi zuwa ruwa.