Yadda Ake Shirya Koren Rufi Kafin Hunturun Turai Ya Kama

A Jamus, idan ka hau dogon bene ka leƙo ƙasa, za ka ga rufin gareji da na makarantu da na ofisoshi lulluɓe da ƙananan tsirrai, wani lokaci kore shar, wani lokaci jawur. Da gangan aka shuka su, don su riƙe ruwan sama, su rage zafin gini, su kuma kare rufin daga rana. Birnin Basel na Suwizalan ya wajabta irin wannan rufi a kan sababbin gine-gine masu shimfiɗaɗɗen sama tun 2002, Toronto ta Kanada kuma ta kafa tata dokar a 2009. Shi ya sa 'yan'uwanmu da ke zaune a waɗannan ƙasashe, wanda ya sayi gida da wanda ya samu aikin lambu ko na kula da gini, suke wayar gari da lambu a saman kansu, kuma ba wanda ya nuna musu yadda ake da shi.

Maganata a nan a kan rufi mara kauri ce, wanda ƙasarsa ba ta wuce santimita 6 zuwa 15 ba, aka shuka masa sedum, tsiron nan mai ƙananan ganye masu kauri da ke ajiye ruwa a cikinsu. Shi ne ya fi yawa. Sababbin hannu da na gani, kusan dukkansu tsoron sanyi suke yi wa tsiron, har wani ya je ya sayo leda ya lulluɓe shi. Sedum ba ya tsoron sanyi, ƙanƙara takan kwanta a kansa wata da watanni ya tashi lafiya. Abin da ke kashe shi, ya kuma jawo yoyo a ɗaki, ruwa ne da ya rasa hanyar fita.

Don shirya rufin, ka jira ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da bishiyoyin unguwa suka gama zubar da yawancin ganyensu amma ƙasa ba ta fara daskarewa ba. Idan ka hau da wuri, aikin banza ka yi, ganye zai sake cika wurin. Ka zaɓi ranar da babu ruwa babu iska, ka sa wani ya riƙe maka tsani. Idan rufin ya wuce tsayin gareji kuma ba shi da shinge, kada ka hau ba tare da igiyar ɗaure jiki ba, ko ka bar wa masu sana'ar. Kayan aikin ba su da yawa: safar hannu, bokiti, buhu, da manjagarar roba.

Da ka hau, kafin ka taɓa tsiro ko ɗaya, nemi magudanan ruwa. Nan ne aikin yake. A irin wannan rufi bakin magudana yakan kasance cikin wani ɗan akwati mai murfi, kewaye da tsakuwa. Sau da yawa sedum ya riga ya yaɗu ya rufe murfin, mutum ya shekara a gida bai san akwai shi ba. Ka ƙirga bututan da suka sauko a jikin bango daga ƙasa, sannan ka tabbata ka samu bakin kowanne a sama. Buɗe murfin, zura hannu. Abin da za ka ciro baƙar laka ce mai wari, haɗe da ruɓaɓɓen ganye da siraran saiwoyi farare da suka saƙa kansu kamar raga. Saiwoyin nan su ne mugun abu, domin suna tare duk wani datti da ya biyo ruwa. Ka cire su kaf, ka zuba a bokiti, kada ka tura su cikin bututu don ka huta.

Bayan haka sai gwaji, kuma wannan ne kowa ke tsallakewa. Cika bokiti da ruwa, ka juye shi gaba ɗaya kusa da magudanar, ka tsaya ka kalla. Ya kamata ruwan ya wuce nan take, mai riƙe maka tsani ya ji saukarsa a ƙasa. Idan ya tsaya yana juyawa, toshewar tana cikin bututu, sai an zura mata waya mai lanƙwasa ko an kira mai gyara. Ka duba har da magudanar ko-ta-kwana, wadda ke ɗan sama da ta ainihi a jikin katangar rufin. Ita ce ke ceton gini ranar da babbar ta toshe.

Dalilin da na nace a nan lissafi ne mai sauƙi. Rufi irin wannan, idan ya sha ruwa ya ƙoshi, nauyinsa yakan kai kilo 60 zuwa 150 a kowane murabba'in mita, kuma a kan haka injiniya ya yi lissafinsa. Duk santimita ɗaya na ruwan da ya kwanta a sama da haka, ƙarin kilo 10 ne a kowane murabba'in mita. Sannan idan dare ya yi ya daskare, ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya tura haɗin shimfiɗar hana yoyo, ya fasa bututu. Da rana ya narke ya ƙara shiga, da dare ya sake turawa. Wanda ya tashi a gidan soro ya san wannan aiki, domin kafin damina ana hawa a share indararo, a cire ciyawar da ta fito, ko ruwa ya kwanta ya ci azara. Bambancin kawai, a nan tsiron da aka shuka ana barinsa.

Daga magudana ka bi layin tsakuwar da ta zagaye gefen rufin da gindin bututun hayaƙi da tagogin sama. Faɗinta yakan kai santimita 30 zuwa 50. Ba ado ba ce, hanyar ruwa ce, kuma tana hana wuta yaɗuwa. Duk tsiron da ya shiga cikinta, ko da sedum ɗin ne mai kyau, ka cire shi. Kana tafiya kana duba inda shimfiɗar hana yoyo ta hau jikin katanga. Idan ka ga ta ɗago ko ta tsage, ɗauki hoto da waya ka kira mai gyaran rufi. Kada ka liƙe ta da gam ɗin shago. Ni shawarata ma ka ɗauki hoton kowace magudana bayan ka share, domin yawancin kamfanonin da ke ba da garanti sukan nemi shaidar cewa ana kula da rufin, kuma hoton ba ya cin ko sisi.

Sai 'ya'yan itatuwa. Iska da tsuntsaye suna kawo iri, musamman na bishiyar nan mai farin ɓawo da Jamusawa ke kira Birke. A shekarar farko ɗan tsiro ne da bai wuce yatsa ba, yana fita da ja ɗaya. Idan aka bar shi shekara biyu ko uku, saiwarsa ta ratsa ƙasa ta shiga shimfiɗun da ke ƙarƙashi tana neman haɗi. Ka dafe ƙasar da hannu ɗaya, ka ja da ɗayan a hankali don saiwar ta fito duka. Fartanya da wuƙa da duk wani ƙarfe mai kaifi ba su da wuri a kan wannan rufi. Tsakaninka da shimfiɗar da ke hana ɗakinka jiƙewa bai kai tsawon tafin hannu ba. Maganin kashe ciyawa ma a'a, ruwa zai wanke shi ya tafi da shi magudanar gari. Abin da ka cire ka sa a buhu ka sauko da shi.

Ganyen bishiya da ya taru, ka kwashe da manjagarar roba, hannu sake. Idan ya jiƙe ya manne, yakan toshe wa sedum iska da haske, kafin Maris ka tarar da wurin ya ruɓe ya yi baƙi. Busassun karan furen sedum kuwa ni barinsu nake yi, ƙwari suna fakewa a ciki, a yanke su bayan hunturu.

Kada ka zuba taki yanzu. Taki a wannan lokaci yana fito da sabon toho mai laushi wanda sanyin farko zai ƙone. Lokacinsa Afrilu ne, mai narkewa a hankali, kimanin giram 5 na naitirojin a murabba'in mita. Kada kuma ka cike rami da ƙasar lambu ko kashin shanu. Ƙasar rufi haɗi ce ta dutsen aman wuta da farfasasshen bulo mai sauƙin nauyi, irinta za ka saya. Wuraren da suka yi sanƙo, Satumba ne lokacin yayyafa musu gutsattsarin sedum. Idan ya wuce ka, bari sai Afrilu.

Idan akwai tiyon ban-ruwa, rufe famfonsa daga cikin gida, buɗe na waje ruwan ya tsiyaye, cire na'urar da ke saita lokacin ban-ruwa ka shigo da ita ɗaki.

Da ƙanƙara ta sauka, ka bar ta, bargo ce ga tsiron. Ban da gishiri, yana kashe sedum. Ban da taka tsiro yana daskare, ganyen karyewa yake yi. Idan ta yi yawa ƙwarai kuma ta jiƙe, tambayi injiniya ko mai gida nauyin da rufin ke ɗauka, masu kwashewa su yi da shebur na roba su bar kamar santimita 10 a kai. Jan launin da sedum ke yi a sanyi lafiya ce, ba cuta ba. Bayan kowace babbar guguwa, idan rufin ya bushe kuma babu santsi, ka sake buɗe murfin magudanan ka duba.