Kafin ku dogara da laburaren manhaja mai buɗaɗɗen tushe

'Yan'uwa, duk wanda zai zaɓi laburare (wato tarin umarnin manhaja da wasu suka riga suka rubuta) don gudanar da samfurin koyon na'ura, ya fara da karanta lasisi. Lasisin MIT, wanda laburaren llama.cpp da na ONNX Runtime suke amfani da shi, ya ba da damar kasuwanci, amma fa lasisin laburare daban, na samfurin da za ku ɗora a kai daban, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe.

Bayan haka, ku gwada a kan kwamfutarku da bayananku, domin alƙaluman saurin da masu manhaja ke wallafawa sau da yawa daga manyan na'urori ake samo su. Samfuri mai ma'aunai biliyan 7 (wato lambobin da ya koya) yana cin kusan gigabait 14 na ƙwaƙwalwar kwamfuta idan an adana kowace lamba a bit 16, amma idan aka matse shi zuwa bit 4 yakan sauko kusan gigabait 4, ko da yake ingancin amsa yana iya raguwa kaɗan, don haka ku kwatanta amsoshin biyu da idonku.

Yawan taurarin yabo da laburare ya samu a GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji, a ganina, ba hujja ba ce. Ku duba ranar gyara na ƙarshe, da ko ana amsa ƙorafin masu amfani.