Tukwicin masu kawo kayan ɗaki da masu kwashe kayan ƙaura: inda ake yawan kuskure

Mutane da yawa suna ɗauka kuɗin kawo kaya da ke jikin rasit shi ne tukwici. Ba shi ba ne. Wannan na kamfani ne, da shi ake zuba mai, a gyara mota, a biya albashi. Tun ranar da ka biya, ka tambayi ofis abu biyu: an riga an saka na ma'aikata a cikin lissafin? Kuma an yarda su karɓa? Wasu kamfanoni sun hana, kuma idan ka matsa wa ma'aikaci sai ya karɓa, kana iya jawo masa matsala a wurin aiki. A irin wannan hali, yaba kyauta tukwici: ka riƙe sunayensu, ka kira ofis ka faɗi yadda suka yi aiki.

Kuskuren da ya fi cutar da masu aikin shi ne auna tukwici da tsadar kaya. Ƙaramin tebur mai tsada mutum ɗaya zai ɗauko shi da hannu guda, ya ajiye cikin minti 5. Katafaren kabad mai araha kuwa sai mutum 3 sun taru a kansa, su cire ƙyaurensa, su karkata shi a kwanar matakala, ɗaya yana ƙasa duk nauyin na kan kafaɗarsa, har su kai hawa na 3. Wahala ake aunawa. Ka lissafa mutum nawa ne, awa nawa suka yi, hawa nawa suka hau babu lif, nisan da ke tsakanin inda mota ta tsaya da ƙofarka, sannan ko sun haɗa kayan ko sun sauke ne kawai a bakin ƙofa. Hanya mai sauƙi ita ce ka yanke adadi ɗaya na kowane mutum a kowace awa, ka ninka da awannin da aka yi, sannan ka ƙara wani abu idan akwai bene, ruwan sama, zafin rana, ko kaya mai wuyar sha'ani kamar babban firji ko madubi. Wanda ya kawo kujera ɗaya kuwa, abin da zai ishe shi cin abinci sau ɗaya ya wadatar.

Sai batun wanda ake miƙa wa. Damƙa wa shugabansu ko direba duka kuɗin ya fi sauƙi, amma ba ka da tabbacin yadda za a raba, kuma sau da yawa sabon shiga, wanda ya fi kowa ɗaukar nauyi, shi ake bari da ɗan abin da ya rage. Ka ba kowa nasa a hannunsa, daidai wa daida, ko a ambulan daban-daban. Idan dole sai ta hannun shugaba, ka faɗi adadin a gaban kowa. A ƙaura mai nisa kuma, waɗanda suka loda kaya ba lallai ne su ne za su sauke ba. Idan ka jira sai an isa, rukunin farko sun tashi a tutar babu. Ka tambaya tun da safe, ka raba kuɗin gida biyu.

Lokaci ma ana kuskurensa. Ba a bayarwa kafin a fara aiki, ana bayarwa ne bayan ka zaga ka duba komai. Ka tanadi canji tun ana gobe za a yi aikin, ka sa a aljihu, kada ya shige cikin kwalin da aka liƙe aka tura can ƙuryar mota.

Kada a cakuɗa tukwici da ƙorafi. Idan motar ta makara saboda tsarin ofis, ko kujerar ta fito daga kwalinta da aibu tun daga masana'anta, ba laifin masu ɗauka ba ne, hana su tukwici hukunta wanda bai ji ba bai gani ba ne. Idan kuwa sun ja kabad a ƙasa ya karce daɓe, ko suna jifa da kwalaye, kana da damar ragewa ko ka hana gaba ɗaya. Ko wanne ne, ka ɗauki hoton ɓarnar, ka rubuta ta a takardar karɓar kaya kafin ka sa hannu, domin sa hannu babu sharhi kan zama shaidar cewa kaya sun iso lafiya.

Akwai kuma masu amfani da tukwici su saka aikin da ba ya cikin yarjejeniya: a kafa talabijin a bango, a jona gas, a tafi da tsohuwar katifa. Idan wani abu ya lalace a nan, kamfani zai iya cewa ba ruwansa. Ka shirya wannan da ofis tun farko.

Ruwan sanyi da nuna musu banɗaki mutunci ne, ba sa maye gurbin kuɗi. Haka ma tsohuwar kujerar da kake neman kai da ita: sai wanda ya ce yana so, kuma kada a cire ta daga cikin nasa.