Darasi Na Tara: Shara Iri Ɗaya, Doka Daban

Gada ce ta raba Ojodu Berger da Kara. Berger tana Jihar Legas, Kara kuwa, inda kasuwar shanu take, tana Jihar Ogun. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu suna kwana a wannan gefe su wuni a wancan, sai su ɗauka dokar shara ɗaya ce. Ba haka ba ne.

A Legas, hukumar LAWMA ce ke kula da shara. A Ogun kuwa OGWAMA ce. Kowace da motocinta da kuɗin da take karɓa.

A watan Janairu na 2024 gwamnatin Legas ta hana amfani da farin mazubin abincin nan mai kama da soso, wanda ake zuba wa mutum shinkafa ya tafi da ita. Dalili kuwa, ba ya ruɓewa. Duba kwata bayan ruwan sama, za ka gan shi ya taru a bakin kwalbati ya toshe hanyar ruwa, ruwan kuma ya koma cikin gidaje. Daga 1 ga Yuli, 2025 aka ƙara da leda marar kauri, da tsinken zuƙar lemo, da cokali da kofin roba na yarwa. Ledar fiya-wata da robar lemo ba sa ciki. Haka kuma an hana ba masu tura kura shara su kwashe.

Dokar Legas a iyakar Legas ta tsaya. Amma mai abinci da ta tsallaka gada da kayanta, ta shiga ƙarƙashinta. Abin yana da ciwo a ƙwace wa baiwar Allah jarinta saboda rashin sani.

Ga abin da za ka yi a gida, ko ina kake. Tanadi buhu biyu da bokiti mai murfi. Buhu ɗaya na robobi da gwangwani: ɗauraye su, ka taka su lanƙwashe, don wuri ya ishe ka. Na biyu na kwali da takarda, kada ruwa ya taɓa shi, domin jiƙaƙƙen kwali ba ya kuɗi. Ragowar abinci a bokiti. 'Yan gwangwan suna sayen robobi da gwangwani da kwali a kan sikeli, kilo-kilo, saboda haka tsaya ka ga awon da idonka.

In ka sauya unguwa, tambayi mai gidan haya ko Sarkin Hausawa: wace rana mota ke zuwa, me aka hana?

Aiki
1. Rubuta sunan hukumar shara ta garinku.
2. Rubuta abubuwa 3 da aka hana a Legas.
3. Yau ka ƙirga robobin gidanku, ka rubuta adadin.