Yadda ake gano wanda ya tare ƙofa idan sabar kwamfutarka ta ƙi tashi

Ka buɗe XAMPP, kunshin da ke mayar da kwamfutarka sabar gwaji, ka danna Start a gaban Apache, manhajar da ke miƙa shafukan yanar gizo, ya yi kamar zai tashi sai ya mutu, jan rubutu ya cika ƙasan tagar. Ko kuwa ka kunna aikinka na Node, ya jefo maka EADDRINUSE ya tsaya cak. Abin da mafi yawan masu koyo ke yi a nan shi ne su goge manhajar su sake ɗora ta. Ina roƙonka kada ka yi haka. Sau da yawa lafiyar manhajar ƙalau, wata ce ta riga ta zama a ƙofar da take nema, kuma ko sau goma ka sake ɗorawa za ta tarar da ita nan zaune.

Kowace sabar tana sauraron buƙatu ne a wata ƙofa (port) mai lamba, daga 0 zuwa 65535. HTTP na amfani da 80, HTTPS 443, MySQL da MariaDB 3306, PostgreSQL 5432. Django kan ɗauki 8000, Flask 5000, Vite 5173. A kan adireshi ɗaya, ƙofa ɗaya mai sauraro ɗaya take ɗauka. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Aikinka shi ne ka san sunan wanda ke ciki kafin ka taɓa komai.

Mataki na 1: Tabbatar da cewa rikicin ƙofa ne

Ba kowace mutuwar sabar ce rikicin ƙofa ba. Karanta saƙon kuskuren har ƙarshe. Apache kan rubuta AH00072: make_sock: could not bind to address, nginx kuma bind() to 0.0.0.0:80 failed (98: Address already in use). A Windows za ka iya ganin OS 10048. Duk waɗannan magana ɗaya suke yi, an riga ka. Idan tagar XAMPP ba ta faɗi abin kirki ba, shiga C:\xampp ka kunna apache_start.bat, ainihin saƙon zai fito. A Linux kuwa systemctl status apache2 zai nuna maka layukan ƙarshe.

Ka kuma gwada fayil ɗin saituna da apachectl configtest ko nginx -t. Idan suka nuna kuskure a wani layi, matsalarka rubutu ce, je ka gyara layin. Haka nan idan a Linux ka ga Permission denied, wannan batun izini ne, domin ƙofofin da ke ƙasa da 1024 sai mai ikon root, wato babban mai iko a kwamfutar, ke buɗe su.

Mataki na 2: Nemo lambar wanda ke zaune

A Windows, buɗe tagar umarni (Command Prompt) da izinin admin ka rubuta:

netstat -ano | findstr /C:":80 "

Kula da ɗan filin da ke bayan 80 ɗin. In babu shi, za a haɗo maka da 8000 da 8080, ka rikice. Layin da ka damu da shi shi ne mai ɗauke da LISTENING, lambar da ke ƙarshensa kuma ita ce PID, wato lambar shaidar manhajar da ke aiki. A ce 5312 ka gani, sai ka tambayi sunansa:

tasklist /FI "PID eq 5312"

A Linux:

sudo ss -ltnp | grep ':80 '

A macOS:

sudo lsof -nP -iTCP:80 -sTCP:LISTEN

Kada ka bar sudo a baya. In ba tare da shi ba, ss zai nuna maka ƙofar ba sunan mai ita, lsof kuwa yana iya yin shiru gaba ɗaya, ka ɗauka babu kowa.

Mataki na 3: Fahimci wanda ka kama

Nan ne ake buƙatar nutsuwa. Masu amfani da Windows da yawa za su ga PID 4, sunansa System. Wannan zuciyar Windows ce kanta, ba a kashe ta, kada ma ka gwada. Abin da ke faruwa shi ne Windows na da wani direba mai suna http.sys da ke riƙe ƙofa a madadin wasu manhajoji, shi ya sa sunan mai laifin na gaskiya ke ɓoyewa a bayansa. Don ka fito da shi:

netsh http show servicestate

Rubutun na da tsawo. Nemi inda aka jera adireshin da aka yi wa rajista da kuma lambobin PID da ke ƙarƙashinsu. Wanda aka fi kamawa shi ne IIS, sabar Microsoft, wadda sabis ɗinta ke amsa sunan World Wide Web Publishing Service. Bayanta akwai SQL Server Reporting Services da Web Deployment Agent Service. Mutum kan ɗora kayan aikin Microsoft don wani darasi, ya manta, wata da watanni su wuce sannan rikicin ya taso.

Za ka ga masu ba da shawarar net stop http. Yana buɗe ƙofar, amma yana tafiya da duk sabis ɗin da ya dogara da shi, har da Print Spooler, sai ka zo buga takarda firinta ta ƙi motsi. Ni ban ga hikimar hakan ba alhali za ka iya tsayar da mai laifin shi kaɗai da net stop w3svc.

Idan ba PID 4 ba ne, lamarin ya fi sauƙi. In sunan httpd.exe ne ko mysqld.exe, to wani tsohon WAMP ko Laragon ko MySQL da ka ɗora daban ne ke tashi tare da kwamfuta. Tsofaffin VMware Workstation kan riƙe 443 da vmware-hostd, kamar yadda tsohon Skype ya yi ta tare 80 da 443 a shekarun baya. A Ubuntu, ɗora kunshin php kan janyo apache2 a bayansa, shi kuma yana tashi nan take, sai nginx ɗinka ya rasa wurin zama. Masu Mac su sani cewa tun fitowar macOS Monterey a 2021, AirPlay Receiver na sauraro a 5000 da 7000, kuma a lsof da sunan ControlCe yake fitowa, wato Control Center a gajarce. Wannan ya wahalar da masu Flask ƙwarai. In ka ga docker-proxy ko wani suna mai docker, rubuta docker ps ka ga kwantenar da ta ɗauki ƙofar.

Akwai kuma wanda kai da kanka ka bari. Idan ka danna Ctrl+Z maimakon Ctrl+C a taga ta Linux ko Mac, sabar ba ta mutu ba, dakatar da ita kawai ka yi, ƙofar na hannunta. Rubuta fg ka dawo da ita, sannan ka danna Ctrl+C.

Mataki na 4: Yanke shawarar wanda zai kauce

Idan ba ka buƙatar mai zaman, tsayar da shi ta hanyar da ya saba tsayawa, ka kuma hana shi tashi gobe. A Windows buɗe services.msc, nemo sabis ɗin, danna Stop, ka mayar da Startup type zuwa Manual. A Linux umarni ɗaya ya wadatar:

sudo systemctl disable --now apache2

Wanda ya tsayar bai hana tashi ba, da zarar ya sake kunna kwamfuta zai koma gidan jiya. Ga sabar Node ko Python da ta maƙale, kill da lambar PID, ko taskkill /PID 5312 /F a Windows, ba laifi. Amma ka kiyayi yi wa rumbun bayanai haka. Kashe mysqld da ƙarfi yana tsakar rubutu na iya lalata tebura, ka zo neman ƙofa ka rasa aikin wata guda.

Idan kuwa kana buƙatar dukansu, ɗaya ya koma wata ƙofar. A XAMPP buɗe httpd.conf, mayar da Listen 80 zuwa Listen 8080, da ServerName localhost:80 zuwa localhost:8080. Idan 443 ce aka tare, gyaran na cikin httpd-ssl.conf, kuma wuri biyu ne, layin Listen 443 da na VirtualHost _default_:443. Mutane da yawa kan gyara 80 su manta da 443, Apache ya ci gaba da mutuwa, su ce maganin bai yi ba. In kana da shafuka a httpd-vhosts.conf, kowane *:80 sai ya bi sabuwar lambar. A Ubuntu fayilolin su ne /etc/apache2/ports.conf da waɗanda ke cikin sites-available. Lambobin da ke Service and Port Settings na tagar XAMPP ba su ke sauya ƙofar Apache ba, tagar kawai suke gaya wa inda za ta duba. Daidaita su don ta daina yi maka kukan ƙarya. Kafin ka zaɓi 8080 ka duba ta da umarnin mataki na 2, domin Tomcat da Jenkins can suke zama.

Sauya ƙofa na da wutsiya. WordPress yana ajiye cikakken adireshinsa a rumbun bayanai, saboda haka zai yi ta mayar da kai tsohon wuri har sai ka saka WP_HOME da WP_SITEURL masu http://localhost:8080 a wp-config.php, tare da sunan foldar shafin idan akwai. Idan MySQL ka mayar 3307 a my.ini, gyara duka sashen client da na mysqld, ka sanar da phpMyAdmin a config.inc.php. A cikin PHP kuma rubuta 127.0.0.1 maimakon localhost, domin a Linux da Mac kalmar localhost kan sa ya bi ta soket ya yi watsi da lambar ƙofar.

Mataki na 5: Idan netstat bai nuna kowa ba

Wannan ya fi cin rai, ƙofa babu kowa amma an hana ka shiga, galibi da saƙon OS 10013 ko EACCES. A kwamfutar da ke da Hyper-V, WSL 2 ko Docker Desktop, Windows kan keɓe jerin ƙofofi ya ajiye. Duba su da:

netsh interface ipv4 show excludedportrange protocol=tcp

In lambarka ta faɗa cikin ɗaya daga jerin, zaɓi wata da ke waje. Jerin kan sauya bayan an sake kunna kwamfuta, shi ya sa abin da ya yi aiki jiya ke ƙi yau.

Mataki na 6: Tabbatar da wanda ke amsa maka

Akwai rikicin da ba ya fitar da jan rubutu ko kaɗan. Sabar ta tashi, amma burauza na nuna shafin da ba naka ba. Ajiye burauza tukuna ka rubuta:

curl -I http://localhost:8080

Layin Server zai gaya maka ko Apache ne, ko nginx, ko Microsoft-IIS. A tsohuwar PowerShell rubuta curl.exe, domin curl kaɗai wani umarni daban yake kira. Sannan gwada 127.0.0.1 da [::1] ɗaya bayan ɗaya. Sunan localhost na nuni ga adireshin biyu, na IPv4 da na IPv6, kuma manhajoji biyu na iya zama a lamba ɗaya, kowace a nata adireshin, ba tare da ko ɗaya ta yi ƙorafi ba. In amsoshin suka bambanta, ka kama su.

Idan curl ya kawo abin da kake so amma burauza ta ƙi, laifin nata ne. Takan riƙe tsohuwar turawa ta 301, wato umarnin komawa wani adireshi na dindindin, sai ka share ma'ajiyarta ko ka buɗe tagar sirri. In kuma sunan da ka ƙirƙira a fayil ɗin hosts, mai haɗa sunaye da adireshi a kwamfutarka, ya ƙare da .dev, sauya shi. Google ne ke da wannan ƙarshen suna, kuma tun Chrome 63 a ƙarshen 2017 ana tilasta masa HTTPS. Yi amfani da .test, wanda aka keɓe don gwaji tun 1999.

Daga nan sake kunna kwamfutar gaba ɗaya, ka maimaita umarnin mataki na 2 kafin ka buɗe komai. Idan ƙofar ta fito babu kowa, gyaran ya zauna. Wanda ayyukansa suka yi yawa har lambobin suka fara ruɗa shi, ya bar nginx shi kaɗai a 80, kowane aiki ya samu sunansa na .test a fayil ɗin hosts, sannan layin proxy_pass ya riƙa miƙa buƙatu zuwa 127.0.0.1:8080 ko 127.0.0.1:3000 gwargwadon sunan da aka nema.