Yadda za ka gwada farin fentin mai kafin ya ɓata maka zane

Mai zane a Yamai yakan gama hoton tsoho da farin rawani, ya ajiye a ɗaki, bayan wata shida ya tarar rawanin ya koma ruwan ɗorawa. Yawanci laifin ba na garin farin ba ne, na man da aka kwaɓa shi ne. Fenti kuwa daga waje yake zo mana da tsada, don haka gwaji ya fi dogara da maganar mai kanti.

Fara da karanta jikin bututun fentin, inda ake rubuta lambar garin farin, mai farawa da PW, da sunansa. PW6, ko blanc de titane, shi ne titaniyom, wanda ya shigo hannun masu zane wajen 1920. Yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa ruf, amma yana kashe kaifin launin da aka gauraya da shi. PW4, blanc de zinc, ya fi kowanne riƙe farinsa, sai dai ba ya rufewa sosai, kuma idan ya tsufa yakan yi tauri ya tsattsage, har ya ɓare daga ƙyallen. PW1, blanc d'argent, na dalma ne. Shi magabata suka yi aiki da shi ɗaruruwan shekaru, yana bushewa da wuri kuma ba ya saurin karyewa, amma guba ne. Wanda ya tuna yadda dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai bar shi inda yaro zai taɓa ba, kuma ba zai goge busasshensa ya shaƙi ƙurar ba.

Sai ka duba man. Huile de lin, wato man ƴaƴan tsiron lin, ya fi ƙarfi idan ya bushe, shi ne kuma ya fi yin rawaya. Huile de carthame da huile d'œillette, su ma man ƴaƴan tsirrai ne, ba sa rina farin sosai, amma suna jinkirin bushewa, fatarsu kuma ba ta kai ta lin ƙwari ba.

Yanzu gwajin. Sayo allunan katako biyu masu girma ɗaya a kasuwar Katako, ka shafa musu farin share fage irin wanda kake sa wa ƙyallenka. Ja baƙin layi mai faɗi a tsakiyar kowanne, don ka ga yadda kowane fari ke rufewa, ka bari ya bushe. Da wuƙar kwaɓa fenti ka shimfiɗa kowane fari ya haye layin, sau biyu: ɗaya siriri, ɗaya mai kauri. Kusa da su ka ƙara na uku wanda ka ɗiga wa mai kaɗan, yadda ka saba yi in kana aiki. Wannan na ukun ina so ka sa masa ido, domin da yawa cikinmu da hannunmu muke jawo rawayar, muna tsoma buroshi cikin mai don fenti ya yi santsi. Rubuta suna, lamba, irin mai da kwanan wata da fensir a ƙarƙashin kowanne.

Bayan sun bushe, rataye allo ɗaya a bangon da hasken rana ke shiga amma ba ta dukansa kai tsaye. Ɗayan ka sa a akwati ka rufe. Lokacin hunturu ka kifa gilashi a gaban na bangon ba tare da ya taɓa fentin ba, in ba haka ba jan ƙurar garin nan za ka auna.

Ka fito da su bayan wata 1, wata 3, wata 6, sannan shekara. Ka duba su da safe a inuwa, kusa da farin farantin tangaran, saboda ido shi kaɗai yana manta asalin fari. Na akwati zai fi rawaya nesa. Kada hankalinka ya tashi: duhu ne ke sa man haka, kuma idan ka fitar da allon cikin haske na ƴan makonni, mafi yawan rawayar za ta janye. Wadda ta ƙi janyewa ita ce ta gaskiya, ita za ka rubuta.

Ni dai titaniyom mai man lin nake sawa a shimfiɗar ƙasa, inda ake neman ƙwari, mai carthame kuma a saman ƙarshe, kan rawani ko gajimare. Zinc zalla ba na yarda ya zauna a ƙasa ko ya yi kauri. Ka lura kuma, bututu da yawa masu sunan titaniyom suna ɗauke da PW4 a ciki, an rubuta da ƙananan baƙaƙe a baya.